Mene ne amfanin harsashin .45 GAP alhali ga .45 ACP?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ci karo da bayanin wani harsashin ƙaramar bindiga mai suna .45 GAP, wanda aka ce gajeren ɗan'uwa ne ga .45 ACP da ya daɗe a hannun sojoji da 'yan sandan Amurka. Tun da faɗinsu ɗaya ne, me ya sa aka gajarta shi, kuma da me ya fi na dā?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tambayarka tana tafin hannun mai harbi, domin saboda hannu aka ƙirƙiro wannan harsashi, kuma duk wanda ya auna shi da ma'aunin ƙarfi kaɗai zai rasa gane dalilin samuwarsa.

Harsashin .45 ACP tsoho ne, John Browning ne ya tsara shi a farkon ƙarnin da ya wuce, sojojin Amurka kuma suka karɓe shi a 1911 tare da bindigar da aka fi sani da M1911. Gidan harsasan wannan bindiga yana ɗaukar guda 7 ne a layi ɗaya, wani bisa wani, shi ya sa mariƙinta yake siriri duk da girman harsashin. Matsala ta taso ne lokacin da aka fara jera harsasai layi biyu domin bindiga ta ɗauki da yawa. Kamfanin Glock na ƙasar Ostiriya ya fito da Glock 21 a farkon shekarun 1990, tana ɗaukar .45 ACP guda 13, amma mariƙinta ya yi kauri ƙwarai, saboda tsawon harsashin ya kai milimita 32.4, kuma dole mariƙin ya zama ya isa ya haɗiye wannan tsawo daga gaba zuwa baya.

Ka kwatanta jami'in da tafinsa ƙarami ne ya riƙe irin wannan bindiga. Yatsunsa ba su zagaye mariƙin ba, kan ɗan alinsa da ƙyar yake taɓa kunama, sai ya murɗa hannu gefe domin ya kai, kuma da zarar ya murɗa, bakin bindigar ya kauce daga layin damtsensa. Idan ya ja kunama sai harbin ya karkata, bindigar kuma ta zabura a kan gindin babban yatsansa. Hukumar da ke da jami'ai dubbai, maza da mata, tana son ta ba kowa bindiga iri ɗaya, wannan ba ƙaramar damuwa ba ce a wurinta, kuma ni ina ganin ta cancanci duk kulawar da aka ba ta, domin rai ne yake rataye a kan ko harbin ya sami inda aka nufa.

Daga nan ne Glock ya haɗa kai da kamfanin Speer na Amurka, suka fito da .45 GAP a 2003. Haruffan GAP gajarcewar sunan kamfanin Glock ne da nau'in bindigar. An bar kan harsashin yadda yake, faɗinsa kusan milimita 11.5, aka rage kwanson daga milimita 22.8 zuwa 19.2. Idan ka tsayar da su biyun a kan tebur, za ka ga kamar wa da ƙane ne masu kai iri ɗaya, sai dai ƙanen bai ma kai tsawon harsashin 9mm ba, wanda iyakar tsawonsa yake wajen milimita 29.7. Ma'anar wannan ita ce ana iya zuba shi a bindigar da mariƙinta yake daidai da na Glock 17, wanda yake zama a hannun yawancin mutane. Haka aka sami Glock 37 mai ɗaukar guda 10, sai Glock 38 mai ɗaukar 8, da ƙaramarsu Glock 39 mai ɗaukar 6.

Za ka iya tambaya yadda aka rage kwanso ba tare da an rage gudun harsashi ba. Albarushin zamani ba ya cika kwanson .45 ACP, akwai fili da yake zaune a banza, kuma shi aka yanke. Sai dai ƙuntata wuri yana ƙara matsin iskar da albarushi ke haifarwa idan ya kama. An ƙayyade wa .45 ACP na yau da kullum matsin fam 21,000 a kowane inci murabba'i, shi kuwa .45 GAP an ba shi 23,000, daidai da nau'in .45 ACP mai ƙarin ƙarfi da ake wa alamar +P. Saboda haka aka sake fasalin gindin kwanson daga ciki, aka kuma sa masa ƙaramin ƙyastu, wato ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, a maimakon babban da aka saba sa wa .45 ACP. Da farko kawunan da aka ɗora masa masu nauyin giram 12 da 13 ne, daga baya aka sami na giram 15, wanda shi ne nauyin da aka san .45 ACP da shi, yana tafiya wajen mita 250 zuwa 260 a sakan. A taƙaice ya kamo yayansa, amma bai wuce shi ba, kuma idan aka kawo +P a nauyi mafi girma, yayan ne yake gaba.

Ka kiyaye wani abu guda: kada a zuba ɗaya a bindigar da aka ƙera wa ɗayan. Irin waɗannan harsasai da bakin kwansonsu suke tokarewa a cikin bindiga, saboda haka gajere zai zurma fiye da inda ya kamata ya tsaya, dogo kuma ba zai bari bindigar ta rufe ba.

Ya sami karɓuwa a farko. 'Yan sandan jihohin New York da Pennsylvania da Georgia da South Carolina da Florida duk sun riƙe shi na wasu shekaru. Abin da ya karya shi, shi ne an warware matsalar da aka haife shi dominta ta wasu hanyoyi. Glock da kansa ya fito da Glock 21SF a 2007 mai mariƙin da aka rage wa kauri, sannan daga 2010 ya fara ƙera bindigogin da ake iya sauya bayan mariƙinsu gwargwadon hannun mai su. A ɗaya ɓangaren kuma kawunan 9mm sun inganta sosai, har hukumar FBI mai binciken manyan laifuka a Amurka ta koma gare shi a tsakiyar shekarun 2010, rundunoni da yawa suka bi sahunta. Jami'in da zai riƙe mariƙi iri ɗaya, da wuya ya zaɓi harsashi 10 a kan 17 da Glock 17 ke ɗauka, musamman da yake na 9mm ya fi araha kuma bai kai zabura ba. Ga shi kuma murfin Glock 37 na sama ya fi na Glock 17 faɗi da nauyi, don haka ba kowane kube na tsohuwar ne yake shige ta ba.

A ra'ayina .45 GAP aiki ne na injiniyoyin da suka san abin da suke yi, kuma ya cika alkawarin da ya ɗauka, don haka ban yarda da masu cewa dabarar kasuwa ce kawai ba. Amma kamfanonin da suka ƙera masa bindiga 'yan kaɗan ne, Springfield na cikinsu da samfurin XD, kuma yawancin rundunonin da na ambata sun koma .45 ACP ko 9mm. Yau a Amurka kusan kowane kantin kayan harbi yana da .45 ACP a kan kanta, shi kuwa .45 GAP sai an nema, kuma idan an samu ya fi tsada. Wanda doka ta ba damar riƙe bindiga, hannunsa ƙarami ne, kuma yana da Glock 37 tun dā, babu dalilin da zai sa ya rabu da ita muddin yana samun harsashinta. Wanda zai zaɓa yanzu kuwa, shawarata gare shi ita ce ya gwada riƙe .45 ACP mai siririn mariƙi da kuma 9mm, ya duba wacce yatsansa ke kaiwa ga kunamarta ba tare da ya murɗa hannu ba.