Me ya sa sabuwar mota ta nan ba ta kai 'yar Amurka kayan alatu ba?

Malam, ka tambaya me ya sa sabuwar motar da dillali ke sayarwa a Najeriya ba ta da kayan ƙawa kamar 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano mai suna iri ɗaya, kuma wacce ta fi dacewa da kai a Gombe.

Kamfani yana duba aljihun mai saye da hanyar da motar za ta bi. Wadda aka ƙera don ƙasashenmu ana ɗaga mata ƙasa, a ƙarfafa sifirin, a sa injin da zai jure man da bai da tsabta sosai da ƙurar hunturu, a rage na'urorin lantarki don bakanike na bakin titi ya iya gyara ta. Dalilin da ya sa Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna ta daɗe a hannun iyayenmu ke nan. Na taɓa bin hanyar Dukku da damina a cikin Camry 'yar Amurka, kowane rami sai na ji cikinta ya daki ƙasa har cikin raina.

Abin da ke damuna shi ne inda ragin ya taɓa rai. A 2018 Global NCAP, ƙungiyar da ke gwada yadda motoci ke kare mutane idan an yi karo, ta gwada Nissan NP300 da ake sayarwa a Afirka ta Kudu a lokacin, motar ba ta samu tauraro ko ɗaya cikin biyar ba wajen kare babban mutum. Don haka ka ƙirga jakunkunan iska, waɗanda ke kumbura su tare mutum idan an yi karo, kafin ka biya.

In kana shiga ƙauye, nemi mai tsayi wadda kayan gyaranta ke nan Gombe. In cikin gari ne, Corolla mai lafiya ta ishe ka, kuma ranar sayarwa ba ta faɗuwa warwas.