Me ke kawo nas gidana alhali babu marar lafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni magidanci ne a ƙaramar hukumar Alkaleri, ina da mata biyu da 'ya'ya tara. Abin da ke damuna shi ne ma'aikatan lafiya ba sa gajiya da yi mana sallama. Yau ɗigon shan-inna, gobe duba katin yara, jibi wata nas ta shiga wajen iyalina tana tambayar ina masai, ina rijiya, a ina muke ajiye hatsi. Amma ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi muka kai shi asibitin garinmu, sai a rubuta mana takarda a ce mu je kemis. In da gaske lafiyarmu ake so, me ya sa ba za a kawo mana magani ba maimakon wannan yawo? Har na fara tunanin hana su shiga.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya raya zuri'a, ya yi musu albarka. Ƙorafinka na rashin magani gaskiya ne, ba kuma kai kaɗai ke yin sa ba. Duk wadda ta yi aikin nan a karkara ta sha jin wannan magana a bakin zaure, wani lokaci cikin fushi, kuma mai fushin yana da hujja. Zan dawo kan batun maganin. Amma ina roƙonka kada ka rufe ƙofa sai ka ji abin da waɗannan tambayoyi suke nema.

Da farko, ba duk mai yi maka sallama ce nas ba. Masu ɗigon shan-inna yawanci matan yankin ne da aka ba horo na ɗan lokaci. Akwai jami'an lafiya na al'umma, su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitoci. Akwai duba-gari, wanda doka ta ba ikon hukunta mai ƙazanta. Ita kuwa nas mai kula da lafiyar jama'a ba ta cin tara, ba ta kai ƙara. Aikinta ya bambanta da na 'yar'uwarta da ke ɗakin kwanciya a babban asibiti: waccan tana jinyar wanda ya riga ya kwanta, wannan kuwa an ɗora mata unguwa ko mazaɓa sukutum, da mai lafiya da marar lafiya. Dole ta san jarirai nawa aka haifa, masu ciki nawa ne ba su fara awo ba, wane gida ne yaransa suka tsallake allura, wace rijiya ce gudawa ke bin masu shan ruwanta. Ba ta da hanyar sanin wannan tana zaune a kan kujera.

Ɗauki maganar hatsi, wadda na san ita ta fi ba ka mamaki. Jihar Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi yi wa ɓarna a ƙasar nan, tare da Ondo da Edo. Cutar ta samo sunanta daga garin Lassa na Jihar Borno, inda aka fara gano ta a 1969. Wani irin ɓera ne ke ɗauke da ita, shi ba ta yi masa komai, amma yana zubar da ita a fitsari da kashinsa. In ya bi ta kan masarar da aka shanya a bakin titi, ko garin tuwon da aka bari a buɗe, ko kwanon da aka kwana ba a wanke ba, shi ke nan ta shigo gida. Ta fi tashi da rani, bayan an kawar da amfanin gona an ƙone daji, ɓeraye sun rasa abinci sun nufo rumbu da ɗakin girki. Muguntarta ita ce tana farawa kamar zazzaɓin cizon sauro. Mutum zai sha maganin maleriya, ya sake sha, a ce taifot ne, a yi ta ƙarin ruwa a gida, kwana goma su wuce. Alhali maganin da ake bayarwa a asibiti ya fi aiki in an fara shi a kwanakin farko. Daga cikin waɗanda suka kwanta suka tashi, kusan ɗaya cikin huɗu yakan samu matsalar ji. Mai tsohon ciki kuwa, galibi ba a samun abin da ke cikin, ita ma ranta yana cikin haɗari. Masu jinya da masu wankan gawa su ma suna ɗauka. To ka ga wadda ta ce wa uwargida ta zuba gari a mazubi mai murfi, ta toshe ramin da ke bayan randa, a daina shanya a ƙasa, ta yi maka aikin da babu kemis ɗin da zai iya yi maka.

Haka batun masai da rijiya. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, Bauchi kuma tana sahun gaba a yawan waɗanda suka kamu. Cuta ce da kan zuƙe ruwan jikin ƙato cikin sa'o'i. Hanyarta ɗaya ce: bayan-gidan mai ɗauke da ita ya isa ruwa ko abincin wani. Da damina ruwa yakan kwashe abin da aka yi a fili ya kai rafi da rijiyar da ba ta da baki. Shi ya sa ake son tazarar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya, a ɗaga bakin rijiyar, a yi mata murfi, a ware mata guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. Ba abu ne da ya gagari mutanenmu ba. Dass da Warji suna cikin ƙananan hukumomin farko a ƙasar nan da aka tabbatar sun daina bayan-gida a fili, Jigawa maƙwabciyarmu kuma ta zama jiha ta farko da ta kai wannan matsayi a 2022. Masu unguwanni da limamai da matan gida ne suka yi aikin, ma'aikatan lafiya suna tunatarwa.

Irin wannan shi ne ɓangaren aikinmu da ake kira inganta lafiya. Ba wata cuta guda ake fuskanta ba, ana so ne mutane su riƙe ragamar abubuwan da ke sa su ciwo: ruwansu, abincinsu, muhallinsu, tazarar haihuwarsu, shawarar da ake yankewa a gida in ciwo ya zo. Taron ƙasashen duniya kan lafiya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 da na birnin Ottawa a 1986 su suka kafa wannan tunani a duniya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma ya dasa shi a nan lokacin da yake ministan lafiya daga 1985. Ɗaya ɓangaren shi ne rigakafi, wato tare wata cuta sananniya kafin ta zo, ko kama ta tun tana ƙarama. Kamar yaɓen ɗaki ne, da rani ake yin sa.

Yanzu shan-inna, da dalilin da ya sa ake ta dawowa. Cikin yara kusan 200 da ƙwayar cutar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai ƙafarsa ke shanyewa. Yawancin sauran suna wasa lafiya lau, suna yaɗa ta a bayan-gidansu. Ɗigo ɗaya ko biyu ba ya isa, musamman a inda yara ke yawan gudawa, domin hanjinsu ba ya riƙe maganin yadda ya kamata. Maimaitawar ba ta cutar da yaro, ƙara masa kariya take yi. A 1988, da aka fara yaƙin kawar da cutar, tana nakasa yara kimanin 350,000 a shekara a duniya. A Najeriya an ga na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Zan faɗa maka abin da ba kowa ke faɗa ba: akwai wani nau'i da ya rikiɗe daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon kansa, wanda yake samun damar yawo ne kawai a inda yara da yawa ba su da rigakafi. Shi ake bi yanzu. Gidan da ya rufe ƙofa shi ke ba shi wurin zama.

Kai ɗan Alkaleri ne, ba sai na tuna maka 2019 ba, lokacin da cutar shawara ta ɓarke a yankin Yankari ta ɗauki rayuka. Allurarta guda ɗaya ce, ana yi wa yaro yana wata 9, kuma tana kare shi har tsufansa. A ranar ake yi masa ta ƙyanda da ta sanƙarau, sai ya dawo ta ƙyanda ta biyu yana wata 15. Kafin nan akwai ta ranar haihuwa, da na sati 6, 10 da 14, waɗanda a cikinsu ake samun kariya daga mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon hanta, namoniya da wata muguwar gudawar jarirai. Mashaƙon da ya tashi a Kano, Yobe, Bauchi da wasu jihohi daga ƙarshen 2022 ya fi kashe yaran da ba su samu waɗannan allurai ba. Abin da ake nema a katin nan ke nan. Duk kyauta ne, kada ka biya kowa. Tambayi dattawan garinku yadda agana take, ko yadda kurkunu yake kwantar da manomi a tsakiyar damina. A 1980 aka tabbatar agana ta ƙare a duniya ta hanyar lamba, wato rigakafinta da ake yi a damtse. Kurkunu, wanda ya kama sama da mutum 600,000 a ƙasar nan a 1988, an tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013, kuma babu allura ko ƙwaya a yaƙinsa: tace ruwa ne da hana mai ciwon shiga tafki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matan gidanka. Hawan jinin masu ciki ba ya sallama. Mace tana daka, tana ɗebo ruwa, sai ciwon kai da kumburin fuska, sai gani ya dushe, sai jijjiga. Gwajin da zai nuna shi ba ya cin minti biyar. A wajen awo ne ake ba ta maganin ƙarin jini, da na kariya daga zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu, da allurar da ke kare jariri daga tsinkau-tsinkau. A nan ake koya mata ta shafa wa cibiya maganin da aka tanada domin ta, ta bar toka da man goge baki da gashi da tsumma, ta kuma ba jariri nono zalla har wata 6 ba tare da ruwa ba, ko da zafin Afrilu ne, domin nonon yana da ruwan da ya ishe shi. Mata da yawa sun san duk wannan. Abin da suke jira shi ne izinin maigida da kuɗin mashin. Wannan kuwa a hannunka yake, Malam, ba a hannun nas ba.

To, maganin da ba ka samu ba fa? Kuɗin ɗigon shan-inna yawancinsa daga masu ba da tallafi na waje yake zuwa, an kuma ɗaure shi a kan wannan aiki kaɗai. Wadda ta zo da akwatin sanyi ba ta da ikon mayar da shi maganin zazzaɓi. Cika kantar magani a ƙaramin asibiti nauyin gwamnati ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti guda da kuɗin ke isa gare shi. Kowace mazaɓa kuma tana da kwamitin raya ta, wanda yake da ta cewa a kan yadda asibitin ke tafiya. Nemi shugaban kwamitinku, ku tafi da mai unguwa, ku tambayi mai kula da asibitin ko yana cikin masu karɓar kuɗin nan, da abin da aka saya da shi. In amsar ba ta gamsar ba, ku kai maganar ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma da kansilanku. A ganina fushinka can ya dace ya nufa. In ka huce shi a kan mai ɗigo, kantar za ta ci gaba da zama wayam, yaranka kuma sun rasa abin da ya zo musu har gida.

Idan nas ɗin ta dawo, ka karɓe ta a zaure kafin ta shiga ciki, ka nemi ganin katin shaidarta, kai ma ka yi mata tambayoyi. Ta duba katunan yaran nan tara ɗaya bayan ɗaya ta gaya maka wanda ya tsallake, domin ko an makara ana iya cike gurbi. Ta auna damtsen ƙananan da zaren awon tamowa; in ya nuna ja, akwai abinci na musamman da ake bayarwa. Ta nuna wa iyalinka yadda ake haɗa ƙullin gishiri da suga a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, da ƙwayar zinc da ake ba mai gudawa kwana 10 zuwa 14. Ta gaya maka lokacin da za a fara rabon maganin kariya daga zazzaɓin damina na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wanda ake bayarwa wata-wata. Kai ma ka miƙa hannu a gwada jininka. In akwai mai tari da ya kai sati biyu a gidan, a kai shi gwajin tarin fuka, gwajin da maganin duk kyauta ne. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu zuwa uku, musamman da rani, kada a ci gaba da jinyarsa a ɗaki: a kai shi asibiti a ambaci Lassa da baki, ko a kira hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa a lamba 6232, kiran kyauta ne.