Yadda Ake Karanta Tsohuwar Bindigar Jamus Mai Ɗurin Baki

Ɗana, ka tambaye ni game da bindigar nan da aka kawo mana jiya, gajeruwa mai nauyi, wadda mai ita ya ce ta Jamus ce. Ka juya ta ko'ina ba ka ga hatimin hukuma ba, har ka fara zaton adaka ce aka datse aka yi mata ado. Kana son sanin ta ina ake gane ta Jamus, da shekarunta, da ko ta farauta ce ko ta gasar harbi.

Kafin komai, ka auna cikinta? Zaro sandar ɗurin ka zura a bututun har ta tsaya, ka yi mata alama, sannan ka shimfiɗa ta daga waje. In ba ta kai ramin wuta ba, to akwai ɗuri a ciki. Albarushin da bai sha ruwa ba yana iya tashi ko bayan shekara ɗari. Duk bindigar da ta shigo shagon nan, a ɗure take sai ka tabbatar da kanka.

Rashin hatimi kuwa kada ya dame ka. Jamus ba ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya ba sai 1871, dokar gwajin bindiga ta ƙasa baki ɗaya kuma a 1891 aka yi ta, ta fara aiki a 1893. A lokacin zamanin ɗurin baki ya riga ya wuce. Saboda haka yawancin na asali ba su da irin hatimin da kake nema. In ka ga kambi da harafin V a ƙarƙashinsa, abin da yake nufi kawai shi ne tana ajiye a shago lokacin da dokar ta soma aiki, ba shekarar ƙirarta ba ce. In ka ga haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, to bututun daga garin Liyej na Beljiyam ya fito, inda ake buga wannan tambari tun 1810. Tsofaffin bututun garin Suhl na Jamus kuma wani lokaci akan same su da hoton kaza ko haruffan SVL.

Yanzu haska cikin bututun. A nan za ka ga cewa kama da wane ba ta wane. Adakar da 'yan bindiga ke harbawa ranar hawan salla cikinta sumul yake. Wannan kuwa an yanke mata tsagi masu zurfi da suke murɗawa, sau da yawa guda bakwai, don dalmar ta fita tana juyawa ta tafi daidai. Daga waje bututun yana da fuska takwas. Bi shi da tafin hannu: kauri a gindi, ya sirance a tsakiya, ya ɗan sake buɗewa a baki. Da guduma da magagari aka fitar da wannan siffar, kuma hannu ya fi ido saurin gane ta. Tsawonsa yakan kama daga santimita 60 zuwa 75, faɗin bakin kuma milimita 14 zuwa 18. Irin wannan ita ce bindigar Jäger, ana furta shi yega, wato maharbi. An gajarta ta ne saboda dajin can mai duhuwa ne, kuma dalmar da aka naɗe a ƙyalle mai maiƙo tana da wuyar turawa cikin dogon bututu mai tsagi. Maƙeran Jamus da suka yi ƙaura zuwa Pensilbaniya a ƙarni na 18 da ita suka tafi, daga gare ta ne doguwar bindigar Amurka ta samo asali.

Ƙotar ma tana magana. Itacen walnat ne, da tudun ɗora kunci a hagu, da ɗan akwati a dama mai murfin katako da ake zamewa, inda ake ajiye ƙyalle da kayan shara. A ƙarshen katakon wajen baki sau da yawa akwai ƙaho. Ga kunama biyu: ta baya ita ke ɗana ta gaba, sai ta gaban ta zama taɓawa kaɗan ta isa. Sukan kira wannan Stecher. In za ka gwada su, ka bar hamar, wato ƙarfen da ke bugawa ya tayar da wuta, a kwance.

Shekaru kuwa a wurin tayar da wuta ake nemansu, kuma a nan ne masu saye suka fi faɗawa rami. Mafi tsufa a irin waɗannan bindigogin farauta ita ce mai faifan ƙarfe da ake murɗawa da mabuɗi, tun farkon ƙarni na 16, Jamusawa kuma sun daɗe suna son ta a farauta har cikin ƙarni na 18. Sai mai ƙanƙara, irin ta ƙyastu. Sai mai ɗan murfin tagulla da hama ke bugawa wuta ta tashi, wadda ta bazu daga shekarun 1820. Amma bindiga mai kyau ba a yar da ita, juya ta ake yi. Za ka ga bututu da ƙota na wajen 1760 ɗauke da hamar 1840. Duba farantin gefe da kyau: in akwai ramukan kusoshi da aka toshe a gaba, inda a da kaskon albarushi da sifirinsa suke, to juyayya ce. Akwai kuma masu mayar da juyayyar zuwa ƙanƙara don kuɗinta ya ƙaru. Wannan ha'inci ne in ba a faɗa wa mai saye ba, kuma launin sabon ƙarfen ne ke tona shi.

Ta farauta ce ko ta gasa? Ɗauke ta ka ji. Ta farauta an yi ta ne don a yini da ita a kafaɗa: nauyinta kilo uku zuwa huɗu, da zobban igiyar ratayawa, ƙarshen ƙotar a shafe don ta hau kafaɗa da sauri, adonta kuma barewa ne da aladen daji da karnuka. Ta gasa ba ruwanta da tafiya. Bututunta ya fi kauri, bakinta ya fi ƙanƙanta, tana iya kai kilo biyar ko fiye, ƙarshen ƙotar yana da ƙarfe mai lanƙwasa da ke kama hammata, a wuyanta kuma akwai ɗan faifai mai huda da ake leƙawa, ko gurbinsa in ya ɓata. A tsaye ake harbi da ita. Irinta ta yawaita a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar maharban Jamus a Gotha a 1861, ana gasa a nisan mita 175 da 300. In kuwa ka ga maƙalar takobi a gefen baki, ga lambobi, babu ado, ta soja ce.

Sunan maƙeri na bar maka shi a ƙarshe da gangan. A saman bututun ake sa shi, wani lokaci da azurfa ko zinariya, tare da garin: Suhl, Zella, Mehlis, Herzberg, Regensburg. Iyalin Kuchenreuter na Regensburg sun yi suna har wasu suka riƙa buga sunansu a kan aikin da ba nasu ba. Wani sunan kuma na mai shago ne, ba na wanda ya ƙera ba. Shi ya sa nake so ka fara jin abin da ƙarfe da katako suka faɗa, sannan ka ga ko sunan ya yarda da su.

Gobe da safe za mu cire bututun tare mu duba ƙarƙashinsa, don nan maƙerin bututu yakan buga alamarsa. Ka gyara sukuddireba ya dace da tsagin kowace kusa. Kada ka kawo samfefa ko burushin ƙarfe kusa da ita, wannan duhun da ke jikin ƙarfen ba dauɗa ba ne, in ya tafi ba ya dawowa. Ka zo da mai kaɗan da tsumma mai laushi, da littafin da za ka rubuta awon.