Tambaya da Amsa: Faramita goma ne, tara ko takwas?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Aboabo a Kumasi, ina sa wa tsuntsaye zobe a dajin Owabi don auna tsawon rayuwarsu. Sau shida muka kafa raga, wata-wata. Na zuba bayanan a manhajar MARK da tsarin Cormack-Jolly-Seber, wato lissafin ƙiyasta rayuwar dabbobi daga bayanan kamawa da sake kamawa, na bar phi da p su canza a kowane zagaye. Ni na ƙirga faramita, wato lambobin da tsarin ke ƙiyastawa, guda 10, manhajar ta ce 8, mai duba aikina ya ce 9. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai duba aikinka ne, tara ne.

Zagaye shida na da tazara biyar, don haka phi, wato yiwuwar tsuntsu ya rayu kuma ya zauna a wurin, guda biyar ne. Shi ma p, yiwuwar sake kama mai rai, biyar ne, tunda ranar farko babu mai zobe balle a sake kama shi. Goma ke nan a takarda. Matsalar tana ƙarshe. Tsuntsun da bai faɗa raga ba a wata na uku, in ka riƙe shi a hannu a wata na huɗu ka karanta lambar zobensa, ka tabbata yana raye, raga ce ta kuskure shi. Wanda bai faɗa ba a wata na shida fa? Babu na bakwai da zai ba da shaida. Abin da bayanai ke iya faɗa kawai shi ne sakamakon ninka phi na ƙarshe da p na ƙarshe. In ya fito 0.40, yana iya zama 0.8 sau 0.5, ko 0.5 sau 0.8, ba mai raba su. Sun zama faramita ɗaya. Ƙa'idar: ninka yawan zagaye sau biyu, ka cire uku.

In ka bar phi ko p bai canza ba a duk zagayen, ƙullin ya warware, faramita 6 ke nan. In duka biyun ba sa canzawa, 2. In ka raba maza da mata, kowa da nasa phi da p, 18.

Takwas ɗin manhajar kuwa, ina kyautata zaton wani ƙiyasi ne ya manne a iyaka, wato 0 ko 1. Duba teburin sakamako: za ka ga phi na wani wata 1.000, kuskuren ma'auninsa ko dai sifili ko wata lamba mai girman gaske. Da mahaɗin logit, ɗaya daga hanyoyin da ke tsare ƙiyasi tsakanin 0 da 1, MARK kan ɗauka ba a ƙiyasta irin wannan ba, sai ta tsallake shi. Alhali tsarin na iya ƙiyasta shi, tsuntsayenka ne suka yi kaɗan. Sake gudanarwa da wani mahaɗin, wato sin, in ba ta gyaru ba ka mayar da adadin 9 da hannunka.

Kada ka raina wannan ɗayan. Kowace faramita tana ƙara 2 a kan AIC, makin kwatanta tsare-tsare wanda mafi ƙanƙanta ke kan gaba, a AICc, irinsa da aka gyara don bayanai kaɗan, ma fiye da haka kaɗan, kuma tazarar 2 ta isa ta ɗora tsarin da bai cancanta ba a saman tebur.

Sai batun damina. In ruwan Yuni ya hana ku kafa raga gaba ɗaya, kada ka cika layin da sifili kamar an yi aiki. Cire zagayen, ka gaya wa manhajar tazarar wata biyu ce, sannan ka ƙirga da zagaye biyar: faramita 7.