Limarik: Zambo Ce, Habaici Ko Ba'a?

Wani ɗalibi da ke karatu a Jami'ar Limarik ta ƙasar Ailan ya rubuto yana cewa: "Malam, barka da aiki. A nan akwai wata 'yar gajeriyar waƙar ban dariya da ake kira da sunan garin da nake zaune, wato limarik. Ƙannena sun tambaye ni ita, na ce musu zambo ce, amma hankalina bai kwanta ba. Wace kalma ce ta dace da ita a Hausa?"

Ɗana, gara da hankalinka bai kwanta ba, domin ba zambo ba ce. Amma bari mu fara nuna wa sauran masu karatu ƙirar abin. Baiti ɗaya ne tak mai ɗango biyar. Ɗango na ɗaya da na biyu da na biyar suna da amsa-amo iri ɗaya, na uku da na huɗu kuma gajeru ne, da nasu amsa-amon daban. Yawanci ɗangon farko shi ke kawo mutum da sunan garinsu, tsakiya ta faɗi wautar da ya tafka, na ƙarshe ya kayar da shi. Ga wata da na ɗinka don a ji yadda take sauka a kunnen Bahaushe:

Wani ɗan Kano ya yi shanya,
A Limarik, can bakin hanya,
Yana jiran rana,
Ya yini, ya kwana,
Wata uku cur rigar tana ɗanya.

To wa aka zaga a nan? Babu. Shi kuwa zambo ba ya tashi sai da mai shi. In mawaƙin fada ya yi zambo, akwai wani ɗan sarki ko basarake da ke hamayya da ubangidansa, sai ya siffanta shi da ƙaton ciki ko ƙaramin kai ko tafiyar agwagwa, har kowa a ƙofar fada ya waiwaya ya dubi mutumin. Zambo yana da dafi, kuma don a muzanta ake yin sa. Baturen Ingila Edward Lear, wanda ya yayata wannan ƙira da littafinsa na waƙoƙin shirme a 1846, tsofaffin da ya cika littafin da su ba su taɓa rayuwa ba: wannan tsuntsaye sun yi sheƙa a gemunsa, wancan hancinsa ya wuce misali. Ba wanda zai kai ƙara gaban alƙali a kansu. Kalmar da ta fi kusa ita ce ba'a, wato zolayar da ake yi don a yi dariya a tashi lafiya. In kana son suna cikakke, ka ce da ƙannenka ƙwar biyar ce ta ba'a. Sai dai ka ƙara musu da cewa ta bambanta da ƙwar biyar ɗinmu, inda ɗango huɗu na farko ke tafiya da ƙaramin amsa-amo, na biyar ya riƙe babban amsa-amon da ke ratsa waƙar daga farko har ƙarshe. Tamu doguwa ce, baiti na bin baiti. Tasu daga baiti ɗaya an gama.

Shi Lear bai kira waƙoƙinsa limarik ba. Sunan bai bazu ba sai a ƙarshen ƙarni na 19. Wasu masana suna danganta shi da wani amshi da ake rerawa a wuraren shagali, mai gayyatar mutum ya zo Limarik, bayan kowa ya ƙago baitinsa. Mutanen yankin kuwa sun fi son labarin mawaƙan kogin Maigue na ƙarni na 18, waɗanda ke haɗuwa a garin Croom, kudu da birnin. Ɗayansu, Seán Ó Tuama, mai gidan giya ne. Ya yi waƙa da harshen Ailan yana kukan masu sha ba sa biya, abokinsa Aindrias Mac Craith ya mayar masa da martani cewa abin da yake sayarwa ba daɗi, waƙarsa ma haka. Wannan kam ta leƙa gidan zambo, tunda akwai mai ita kuma an san shi. Abin da ya hana ta shiga ciki shi ne abota.

Nan ne, a ganina, zumuncin gaske yake tsakaninta da al'adarmu, ba a ƙirar baiti ba. Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ko taubasai a cikin gida, shi ma da sunan gari ko ƙabila ake buɗe shi: "wai wani Bakano ya je Zariya..." Da an ji haka an san ba faɗa ba ne. Kai da kake can ka fi ni gani, mutanen Limarik da maƙwabtansu na Clare da Tipperary haka suke yi wa juna, musamman a kan wasansu na gargajiya mai kama da ƙwallon gora, wanda Limarik ta ɗauki kofin ƙasa baki ɗaya sau huɗu a jere daga 2020 zuwa 2023. Shekarun nan bakin 'yan Limarik bai huta ba.

Wata malamar makaranta daga Katsina kuma ta tambaya: "Malam, ina wuni. Ɗalibaina suna gwama zambo da habaici, ni ma wani lokaci sai in rasa iyakar. Sannan mece ce ma'anar 'kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake'?"

Malama, karin maganar da kika kawo ita ce amsar tambayarki ta farko. Kasuwa cike take da jama'a, mai zagin bai kama suna ba, amma a ransa ya san inda ya nufa, wanda ake yi dominsa ma ya sani. Wannan shi ne habaici. Zambo yana zana mutum har a gane shi da ido, habaici yana barin ƙofa a buɗe yadda mai yi zai iya cewa "ni ban kira sunan kowa ba." Kishiya tana daka tana waƙar wadda ba ta iya miya ba, in ɗayar ta tanka sai a ce mata mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ƙannen habaici su ne shaguɓe da gugar zana, sai dai gugar zana a gaban mutum ake yin ta, a goge shi a wuce kamar ba a yi ba. Gatse kuma daban ne: a faɗi abu ana nufin kishiyarsa, kamar uwa ta ce da yaron da ya fasa tulu, "madalla, ka kyauta, fasa ɗayan ma."

In kina son ki gwada su a aji, ba su ɗango huɗu na irin baitin da ke sama, kowa ya kawo na biyar. Jaridun Ingila sun yi irin wannan gasa a wajajen 1907, har da kyautar kuɗi, jama'a suka yi ta aikawa. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu, tunda malamanmu sun daɗe suna tahamisi, wato a ɗauki baitin wani mai ɗango biyu a ɗora masa uku ya zama biyar. Daga ɗangon da yaro ya kawo za ki gane ko ba'a ya yi ko kuwa akwai wani a bencin baya da yake nufi.

Ɗalibin namu na Ailan ya ƙara da wata: wai abokansa in sun haɗu ranar Asabar a Kasuwar Madara, tsohuwar kasuwar birnin da ake sayar da cuku da burodi da kifi a ƙarƙashin wata ƙatuwar rumfa, sukan tambayi juna ina "craic", yana so ya san mene ne takwararta. Ana furta ta kamar kirak, kuma ta haɗa hira da raha da ɗan labarin gari. A gaisuwa, "ina labari?" ce kawai. In kuwa an ce an sha ta jiya da dare, to an sha hira, an yi raha. Kada ka ce barkwanci, don barkwanci na iya fitowa daga bakin mutum ɗaya, ita kuwa raha sai da taro.

Ya kuma tambayi sunan ruwan da ke sauka a garin, wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Birnin yana bakin kogin Shanon, kogi mafi tsawo a Ailan, iskar tekun Atlantika kuma tana kawo masa gajimare kusan ko wane wata. Mai sauka siriri-siriri shi ne yayyafi, in ɗigo ne jefi-jefi a ce tsattsafi. Wanda ya yini yana zuba ba ƙaƙƙautawa mamako ne. Marka, da Sakkwatawa ke cewa malka, ba sunan ruwan ba ne, sunan lokacin ne: tsakiyar damina wajen watan Agusta, sa'ad da rana ke ɓuya kwana da kwanaki, itace ya ƙi kamawa, gari ya yi danshi. Saboda haka in mahaifiyarka ta tambaye ka yanayin garin, ka ce mata yayyafi ake yi, amma marka ce shekara zungur.