Wai kada a taɓa shafaffen Allah: yaya za mu yi da mai raba mana ikilisiya?

Tambaya: Baba Rabaran, ni dattijo ne a ikilisiyarmu, kuma wannan abu ya hana ni barci. Wani ɗan'uwa ya buɗe taron addu'a a gidansa kowace Alhamis. Yana koya wa mutane cewa duk wanda bai "shuka iri" a hannunsa ba, wato bai ba shi kuɗi ba, kada ya sa ran warkarwa, kuma wai fastonmu ba shi da Ruhu. Iyalai da dama sun daina zuwa sujada. Da na ta da maganar a zaman dattawa, sai aka ce mini kada in taɓa shafaffen Allah. Zunubi ne in na yi magana?

Amsa: Ɗan'uwana dattijo, ba zunubi ba ne, aikin da aka naɗa ka dominsa ke nan. A Militus Bulus ya tara dattawan Afisa, ya faɗa musu cewa kyarketai za su shigo, wasu ma daga cikinsu za su fito su janye masu bi (Ayyukan Manzanni 20:29-30). Dattawa ya ɗora wa tsaron garken.

Amma bari in tsaya kan wannan "kada ka taɓa shafaffe", domin na gaji da jin ta. Kusan kowane mako sai wani ya kawo mini ita, muryarsa na rawa, kamar tsawa za ta faɗo masa. Buɗe Zabura 105, ka fara daga aya 8, kada ka yi tsalle zuwa 15, inda aka ɗauko wannan maganar. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah ya tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ayar da ta kāre marasa ƙarfi daga masu iko, ita aka juya ta zama garkuwar mai iko daga tambayar gwauruwar da ta ba shi abin da ta mallaka.

Sai su ce ai Dauda ya ƙi taɓa Saul. Ƙwarai, ya ƙi kashe shi a kogo. Amma a wannan sura ta 1 Sama'ila 24 ya fito ya ɗaga gefen rigar Saul da ya yanka, ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Natan ma ya tsaya gaban Dauda, shafaffen sarki, ya ce masa kai ne mutumin. Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya. Duk waɗannan sun yi zunubi ke nan? Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Kuma wa ya shafe wannan ɗan'uwan? Bakinsa ne kaɗai shaidarsa. Ko da wani ya ce ya warke a hannunsa, Maimaitawar Shari'a 13 ta riga ta ce alama tana iya cika amma mai ita yana karkatar da mutane. Mai sayar da baiwar Allah kuwa, je ka ga abin da Bitrus ya faɗa wa Saminu mai sihiri, wanda ya so ya saye ta da kuɗi, a Ayyukan Manzanni 8.

Sai dai kada ku ɗauki gatari tukuna. Akwai mai kuskure don rashin sani, irin Afolos, wanda Akila da matarsa suka ja gefe suka ƙara masa haske, ya karɓa. Ba za ku san ko wane iri ne naku ba sai kun zauna da shi. Ku je ku biyu ko uku, da Littafi Mai Tsarki a hannu, da ainihin kalmomin da ya faɗa daga bakin waɗanda suka ji da kunnensu. Ban da "an ce, an ce". Idan ya ƙi, Titus 3:10 bai bar ku cikin duhu ba: gargaɗi na fari, na biyu, daga nan ku fita sha'aninsa. Ku karɓe duk wani aikin koyarwa daga hannunsa, ku bayyana wa ikilisiya dalili a fili, kan abin da ya koyar kawai, ba tonon asirin gidansa ba. Gargaɗi biyu aka ce. Na ga inda aka kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, kafin rahoto ya fito rabin kujeru sun zama wayam.

Iyalan da suka bi shi kuma, kada ku lissafa su cikin maƙiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai yiwuwa a cikinsu akwai uwar da ɗanta ya yi watanni a kwance, babu dattijon da ya taka ƙofarta sai wannan mutumin. Kafin Alhamis mai zuwa, ku raba gidajen nan a tsakaninku, kowa ya je ya zauna, ya fara da tambayar lafiyar mara lafiyan.