Za mu iya raɗa wa kayan fasaha gajerun sunaye?

Tambaya: Malam, kullum muna rubuta slm, lfy da ngd a WhatsApp. Me zai hana mu taƙaita na'ura mai ƙwaƙwalwa ta koma NMK, yanar gizo kuma YG, kamar yadda Turawa ke cewa SMS da USB?

Amsa: Ɗan'uwa, a rubuce babu laifi, jaridu ma suna rubuta MDD. Amma ka kasa kunne ga mai karanta labarai, in ya iso wurin Majalisar Ɗinkin Duniya zai ce. Kai ma slm ɗin nan, salam kake karanta shi. Bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe tsirara, sai da wasalin da zai dafa, don haka NMK zai tsaya a allo, ba zai shiga hira ba.

Mu datse wutsiya muke yi. Babur mai ƙafa uku ya samo sunansa daga shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, yau "adaidaita" kawai ake cewa. Wayar salula ta koma waya, katin waya ya koma kati.

Inda muka fi gwaninta kuwa shi ne kwatance. Tun da GSM ta shigo Najeriya a 2001 mutane ke raɗa suna ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Aka ce tafi-da-gidanka, aka ce saƙon kar-ta-kwana. Ƙaramar wayar nan mai tocila a ka, wadda ke kwanaki cajinta bai ƙare ba, aka ce mata rakani-banɗaki. Duk wanda ya taɓa lalube cikin duhu an ɗauke wuta, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan suna. Wallahi ina jin daɗinsa fiye da kalmomi da yawa da aka ƙirƙira a ofis.

To in kana son raɗi, bi wannan hanya. Ni da zan zaɓa, fawabank, batirin nan da ake cajin waya da shi, zan kira shi guzuri, tunda wutar tafiya ce ka ƙulla. Hosfot, wato raba wa wani data daga wayarka, ya zama sammini, don kalmar da mai roƙon data ke faɗa ke nan. Yanayin jirgin sama na waya, wanda ke rufe layi, ba-na-nan ya dace da shi.

Ka gwada su a teburin mai cajin unguwarku. Ka ce, "Miƙo min guzurina." In ya miƙo bai ce "me?" ba, gobe sai ka gwada sammini a majalisarku.